Kwalliyar Zuwa Aiki Ba Ta Biki Ba Ce

Ƙanwata, kin ce kin fara aiki, kina son kwalliyar manya ba tare da kin koma kamar amarya ba. To, rage hannu.

Da hunturun Kaduna fata kan bushe, hoda ta dinga tsattsagewa a gefen hanci. Ki fara shafa mai, ki jira ya shige tukuna. In za ki sayi fandeshan a Kasuwar Gumi, kar ki gwada a bayan hannu. Ɗiga a haɓa, ki fito rana ki duba. Ni dai ban ga kyan fuska fara wuya baƙi ba.

Jagira ruwan ƙasa, ki bi gashin girarki kawai, banda zana sabuwa. Sai kwalli siriri da janbaki mara ƙyalli.