Ga mai shirin zuwa karatu Glasgow

Ƙanena, ka ce ka ci jarrabawar Turanci ta IELTS, ka samu gurbi a Glasgow, kana tambaya ko Turancinka zai wadatar. A aji zai wadatar. A bas da kanti da wurin aiki kuwa sai ka sake kasa kunne. A ƙidayar 2011 mutum miliyan 1.5 a Sikotlan sun ce suna magana da Scots, harshen ƙasar mai kama da Turanci, kalmominsa kuma sun cika bakin kowa.

Baƙin kalmomi ba su ne abin tsoro ba. Aye na nufin e, wee ƙarami, cannae ba zan iya ba. Yaro kuwa wean ne a Glasgow, bairn a Edinburgh da Newcastle. Mako biyu ka haddace su.

Waɗanda ke kayar da mutum su ne waɗanda yake zaton ya sani. Mutumin Glasgow in ya ce maka "How?" ba yaya yake nufi ba, dalili yake tambaya. Messages cefane ne, ba saƙo ba. Piece burodi ne da aka cusa wa wani abu a tsakiya. Lokaci ya fi komai haɗari: half five biyar da rabi ne, the back of nine kuwa tara ta ɗan gota, ba saura kaɗan ba. A Yorkshire "nine while five" na nufin daga tara har biyar. In an gayyace ka tea a arewacin Ingila, abincin dare ne, ka je da yunwarka.

In za ka yi aikin kula da tsofaffi, a nan ka fi mai da hankali, don kuskure na iya cutar da mutum. Greetin kuka ne, ba gaisuwa ba. Jag allura, oxter hammata, sair ciwo. Tsohuwa a Lancashire in ta ce starved, mai yiwuwa sanyi take ji.

Batun halal ma kada suna ya ruɗe ka. Black pudding ba kayan zaƙi ba ne, jini ne, galibi na alade. Buttery ta Aberdeen, wani irin burodi, da kitsen alade aka saba yin ta. Karanta bayan leda.

Duk abin da ya shafi lokaci, kuɗi ko magani, maimaita shi da bakinka, ka nemi a rubuta maka a lambobi. Mai kanti in ta kira ka pal ko love, ba raini ba ne, haka suke kiran kowa.