Fankar AC ta waje ta tsaya ana tsakiyar bazara: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. AC ɗina mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ne. Na cikin ɗaki yana hura iska amma babu sanyi. Da na duba na waje sai na ji yana gurnani, fankarsa ba ta juyawa, bayan 'yan mintuna ya yi shiru. Wani ya ce gas ne ya ƙare. Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai kashe shi daga bango, kada ka ƙara kunnawa. Gurnanin da kake ji galibi na kwamfaresa ne, wato injin da ke matsa gas yana zagayawa da shi a cikin na'urar. Fankar waje ce ke kwashe zafin da gas ya ɗauko daga ɗaki. Idan ta tsaya, zafi da matsin gas sai su yi ta hawa har abin kariyar da ke jikin kwamfaresa ya yanke wuta. Shirun da ka ji ke nan. Ya huce, ya sake tashi, ya sake yankewa. A zafin Afrilu da ke haura digiri 40, hakan na iya ƙona kwamfaresa, kuma shi ne mafi tsada a cikin na'urar.

Batun gas kuwa, ajiye shi gefe. A AC na gargajiya, wato wanda ba mai inbata ba, wanda ba ya rage gudu da kansa, ƙarancin gas ba ya hana fanka juyawa alhali kwamfaresa na aiki. Kada ka biya kuɗin gas kafin a duba fankar.

Bayan ka kashe wuta, zura siririn kara ta ragar gaba ka tura fiffiken. Idan ya cije ko yana gurzawa, duba ko leda, tsumma, gidan zanzaro ko mataccen ƙadangare ne ya toshe shi. In babu komai, boris ɗin injin fankar ne ya bushe, sau da yawa saboda ƙurar hunturu da ta shige shi.

Idan kuma ya juya sumul, to zargi ya koma kan kafasita, kuma galibi ita ce. Ita ke bai wa injin fanka turin farko. Zafi da hawa da saukar wuta ne ke cinye ta. Tana ƙarƙashin murfin gefe, inda wayoyi ke shiga. A yawancin AC na gida za ka ga guda biyu: babbar gwangwani ta kwamfaresa, mai wajen 25 zuwa 50 µF (µF shi ne ma'aunin ƙarfin kafasita), da ƙaramar baƙa mai kusurwa huɗu ta fanka, mai wajen 1.5 zuwa 3 µF. Wasu kamfanonin kan haɗa su a gwangwani ɗaya mai baki uku, an rubuta C, FAN da HERM. Wadda ta kumbura ko take yoyon mai ta gama aiki, amma wadda ta yi kyau a ido ma tana iya zama matacciya, sai mita mai auna µF ta nuna.

A nan nake son ka yi hattara ƙwarai. Kafasita tana riƙe wuta ko bayan an kashe na'ura, kuma tana jan mutum da ƙarfi. In ba ka saba aikin lantarki ba, kira mai gyara, ka tsaya ka ga abin da mita ta nuna. A ɗauki hoton wayoyin da wayar hannu kafin a cire su. Sabuwar ta zo da lambar µF daidai da tsohuwar. In ta fi ta yawa, injin ya yi zafi, in ta gaza, fanka ta yi sanyin gudu. Lambar bolt, wadda yawanci 450 ce, ita ce za ta iya fin ta tsohuwar, amma kada ta gaza.

An sa sabuwa, wuta na isa injin, duk da haka shiru? Koyil, wato wayar da aka naɗe a cikin injin fankar, ya ƙone, sai canjin inji. A wanke ragar baya da ruwa mai sauƙin matsi kafin a mayar da wuta.

Tambaya: Nawa mai inbata ne, fankar wani lokaci tana rage gudu ko ta tsaya. Ya lalace ne? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, in ɗaki na sanyi, lafiyarsa ƙalau, haka yake rage aiki idan sanyi ya kai inda kika saita. In babu sanyi kuma wasu haruffa na walƙiya a fuskar na ciki, rubuta su ki nuna wa mai gyara. Yawancin irinsa injin DC gare su, babu kafasitar fanka, allon lantarki ne ke sarrafa su, don haka ko injin ne ko allon.

Tambaya: Idan fankar AC ta waje ta tsaya, zan iya ɗora fankar tsaye a gaban na wajen in ci gaba da amfani da shi kafin mai gyara ya zo?

Amsa: A'a. Iskarta ba ta ratsa ragar yadda ta ainihi ke yi, kwamfaresa zai ci gaba da gasuwa. Bar shi a kashe har a gyara.