Filin zuriyar waziri a Koriya: shin 'ya'yana suna da gado a ciki?

Barista, barka da aiki. Mijina ɗan Koriya ta Kudu ne, injiniya. Aiki ya kawo shi Najeriya, ya musulunta, aka ɗaura mana aure a Kaduna shekara 22 da suka wuce. Bara bayan ƙaramar sallah Allah ya yi masa rasuwa, ya bar ni da yara biyu, mace mai shekara 20 da namiji mai 16. Tun yana raye yakan ba mu labarin kakansu na can sama da ya yi waziri a fadar sarkin Koriya wajen shekara 400 da suka wuce, har sarki ya ba shi tsauni guda da gonakin gindinsa, kuma a nan aka binne shi. Ya taɓa kai mu, na ga kabarin da idona, ga mutum-mutumi na dutse a tsaye dama da hagu, an kuma nuna mana littafin zuriya mai juzu'i da yawa. Kwanan nan wata 'yar'uwarsa ta gaya mini gwamnati ta karɓi wani yanki na filin za a yi hanya, an biya diyya, dangi sun raba. Da na tuntuɓi wan mijina sai ya ce yarana ba su da komai, wai sunansu ba ya cikin littafin, kuma ba a ƙasar suke zaune ba. Ɗana namiji ne, jinin waziri ne, kason ubansa nasa ne. Ina so in kai ƙara. Ta ina zan fara?

Maman yara biyu, Kaduna

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Na cire sunan wazirin da na dangin daga wasiƙarki, tun da magana ce da ba ta ƙare ba. Ki kuma riƙe a ranki cewa ni lauyan Najeriya ne, ba ni da izinin tsayawa gaban alƙali a Koriya, kuma ban ga takarda ko ɗaya daga cikin na wannan fili ba. Abin da zan faɗa shimfiɗa ce kawai, kafin lauyan can ya duba.

Kalmar da ta fi yawa a zuciyarki ita ce gado, kuma ina jin a nan kuskuren yake. Bisa yadda kika bayyana filin, da wuya a ce mallakar mijinki ne, ko da taku ɗaya a cikinsa. Ya fi kama da filin abin da Koriyawa ke kira jongjung, wato taron duk waɗanda suka fito daga tsatson kaka ɗaya, masu kula da kabarinsa da bukin tunawa da shi. Dokar farar hula ta Koriya, a sashe na 275 da na 276, ta ɗauki irin wannan dukiya a matsayin ta taron baki ɗaya. Babu wanda ke da kason da zai nuna ya ce nawa ne, balle ya sayar ko ya bar wa 'ya'yansa. Mutum ɗan dangi ne muddin yana numfashi, ranar da ya rasu matsayinsa ya tafi tare da shi. Idan aka sayar da filin ko aka biya diyya, kuɗin ma na taron ne, har sai babban taron dangi ya zauna ya yanke yadda za a yi da su.

Sarautar kakan kuma ba ta ƙara wa kowa nauyi a ma'aunin kotu. An soke bambancin aji tsakanin masu sarauta, waɗanda ake kira yangban, da talakawa tun gyaran 1894, kuma sashe na 11 na tsarin mulkin Koriya ta Kudu bai yarda da wani aji mai gata ba. Abin da sarautar ta bari shi ne dalilin da ya sa filin bai watse ba. A zamanin daular Joseon, wadda aka kafa a 1392, al'ada ita ce a yi wa kakanni bukin tunawa har hawa huɗu, daga nan a daina. Amma wanda ya yi wa ƙasa gagarumin aiki akan ware shi, a ce nasa bukin ba ya yankewa har abada. Buki na har abada kuwa yana bukatar gona da za ta ciyar da shi har abada, shi ya sa zuriya ke keɓe fili su hana a raba.

Ki ɗauki misalin da kowa ya sani a can, Ryu Seong-ryong, wanda aka haifa a 1542 ya rasu a 1607. Shi ne babban wazirin Sarki Seonjo a yawancin shekarun yaƙin da Japan ta kawo wa Koriya daga 1592, kuma shi ya gabatar da Yi Sun-sin, kwamandan jiragen ruwan da ya zama gwarzon ƙasar. A 1598 abokan hamayya a fada suka sa aka tuɓe shi, ya koma ƙauyensu Hahoe kusa da Andong. Babban gidan da ake dangantawa da shi a yau, Chunghyodang, bayan rasuwarsa zuriya da almajirai suka gina shi, kuma har gobe suna taruwa don bukinsa. A cikin ƙauyen akwai wani babban gidan daban, Yangjindang, na reshen wansa Ryu Un-ryong. Abin da nake so ki lura da shi ke nan: uwa ɗaya uba ɗaya, amma rassa biyu. A dangi irin wannan akwai babban taro na kakan farko, akwai ƙananan taruka na rassa, kowanne yana iya mallakar filinsa. Saboda haka tambayar farko da lauyanki zai yi ita ce, wane taron ne ya mallaki yankin da hanya ta ci, kuma mijinki daga reshen yake ko a'a. Akwai ƙarin ruɗani: lokacin da Japan ta auna filayen Koriya tsakanin 1910 da 1918, filayen dangi da yawa an rubuta su da sunan wani dattijo ko 'yan tsirarun mutane a matsayin amana. Mai yiwuwa ki ga sunan kakan mijinki na kusa a rajistar filin ki yi murna, alhali riƙon amana ne kawai.

Yanzu ga abin da zai ba ki mamaki. Kin dogara da ɗanki saboda namiji ne, amma a yau 'yarki ce ke da ƙafar tsayawa. Ɗan taron dangi sai baligi, kuma shekarun balaga a dokar Koriya 19 ne tun 2013. Ɗanki bai kai ba. 'Yarki ta kai, kuma tun 21 ga Yuli, 2005, Kotun Ƙolin Koriya ta yanke cewa mace baliga daga tsatson kakan ita ma 'yar taro ce kamar namiji, ba sai an karɓe ta ba, ko da ta yi aure. Wannan hukunci ya rushe al'adar ɗaruruwan shekaru. Abin dariya ma, a farkon daular Joseon kundin dokokinta na 1485 ya raba gado daidai tsakanin 'ya'ya maza da mata na uwargida, tare da ɗan ƙari ga mai riƙe bukin kakanni. Daga ƙarni na 17 ne aka riƙa fifita babban ɗa namiji.

Hujjoji biyun da wan maigida ya kawo, a ganina, ba su da ƙarfin da yake ba su. Littafin zuriya, jokbo, shaida ce mai kyau, amma ba shi ke mayar da mutum ɗan dangi ba. Jini ne, kuma ana iya tabbatar da shi ta rajistar iyali ta gwamnati. Su da kansu suke sabunta littafin bayan shekaru masu yawa, to rashin suna a ciki ya fi nuna cewa ba a sabunta ba, ko ba a so a saka. Batun zama a waje kuma, Kotun Ƙoli ta nuna a 2010 cewa rabon da ya yi mummunan rashin adalci ga wasu 'yan taro ba shi da inganci, kuma a shari'ar da ta duba har da cire waɗanda suka yi ƙaura zuwa ƙetare. Na tabbata duk wanda ke riƙe da asusun dangi mai irin wannan fili ya san da haka, ko ya kamata ya sani. Amma kada ki ɗauki wannan a matsayin nasara a hannu. Kotunan suna ba taron dangi sarari mai faɗi, sun amince da wasu bambance-bambance idan akwai dalili, misali la'akari da masu hidimar kabari. Kuma idan kika ce ba a gayyaci 'yarki taron ba, amsar da za su bayar a shirye take: wajibcin aika sanarwa, yadda kotuna suka saba faɗa, ya shafi 'yan taro mazauna ƙasar ne waɗanda aka san adireshinsu.

Ga kuma abin da ke sa ni jan ƙafa kan zuwa kotu. Ko da 'yarki ta yi nasara aka rushe rabon, alƙali ba zai ɗauki alƙalami ya rubuta mata adadin kuɗi ba. Abin da aka saba shi ne a mayar da maganar ga taron dangi su sake zama su yanke sabon rabo. Wato bayan shekaru na shari'a, da kuɗin lauya da na fassara da na jirgi, za ta koma gaban mutanen da ta kai ƙara tana jiran ƙuri'arsu.

Akwai ƙofa ɗaya da gado zai iya shigowa, kuma kwanan wata ne mabuɗinta. Idan taron ya yanke rabon tun maigida yana raye, aka ware masa adadi, ya rasu bai karɓa ba, to wannan bashi ne da yake bin dangi, kuma ya shiga cikin abin da ya bari. Idan bayan rasuwarsa aka yanke, babu abin da ya sauko ta wajensa. Ki nemi rubutaccen bayanin taron mai ɗauke da ranar zama.

Abin da ya bari na kansa a Koriya, asusun banki ko gida ko inshora, magana ce daban, kuma ina ganin ita ya kamata ki fi ba lokaci. Kotun Koriya za ta bi dokar ƙasar da mamaci ke ɗan ƙasarta ranar rasuwa, sai in ya zaɓi wata a wasiyya ta hanyar da doka ta yarda. A can 'ya'ya kasonsu ɗaya ba namiji ba mace, matar aure kuma tana samun kason ɗa ɗaya da rabi. A gidanki ke nan kashi 3 cikin 7 naki, 2 na 'yarki, 2 na ɗanki, idan babu wasu 'ya'yan. Kin ga ya saɓa da tumunin da kika sani da kuma rabon namiji biyu mace ɗaya. Yadda za ku daidaita wannan da addini tambaya ce ta malamai. Doka ta bar magada su yi yarjejeniyar rabo a tsakaninsu, sai dai tun da ɗanki ƙarami ne kuma ke ma magajiya ce, ba za ki sa hannu a madadinsa ba, kotu ce za ta naɗa masa wakili na musamman. Ki kuma bincika ko akwai bashi, don a can magaji yana gadon bashi, kuma wa'adin ƙin gado ko karɓarsa da sharaɗi wata uku ne daga sanin rasuwa. Ya wuce, amma akwai sassauci ga wanda bai san bashin ya fi dukiya ba, da kuma ga ƙananan yara. Dukiyar da ke nan Najeriya, musamman fili, wannan lissafin bai shafe ta kai tsaye ba.

Duk wannan ya rataya ne a kan abu guda da ba ki ambata ba: shin maigida ya kai rahoton aurenku da haihuwar yaran a rajistar iyali ta Koriya? Idan ya kai, takardar dangantakar iyali kaɗai ta isa ta rufe bakin mai gardama. Idan bai kai ba, sai a fara daga takardar aure da ta haihuwa da ta rasuwa, a tantance su a Ma'aikatar Harkokin Waje, a fassara, a kai ofishin jakadancin Koriya da ke Abuja, kamar yadda aka saba. Idan aka yi musun uba ɗungurungum, ƙarar tabbatar da uba bayan rasuwa tana da wa'adin shekara 2 daga sanin rasuwar, kin riga kin ci wajen rabinsa.

Kafin ki yi gaggawar rubuta ɗanki, ki tsaya ki yi shawara. Ɗan da aka haifa wa uba Bakoriye cikin aure yakan zama ɗan ƙasa tun daga haihuwa, kuma namiji mai ƙasa biyu da bai ajiye ta Koriya ba kafin ƙarshen Maris na shekarar da zai cika 18, yakan makale da wajibcin aikin soja. Yana da 16. Kada neman diyyar hanya ya ja masa abin da bai shirya ba.

Shawarata ita ce 'yarki, da sunanta, ta rubuta wa shugaban taron dangi wasiƙa ta hannun lauyan Koriya, cikin ladabi, ba ta bi ta kan wan mahaifinta ba. Ta gabatar da kanta da adireshinta, ta nemi a saka ta da ƙaninta a littafin zuriya, ta nemi kwafin ƙa'idojin taron da bayanin zaman da aka yi rabo. Ta kuma tambaya ko an ware wani abu ga marayu da matan mamata, don wasu dangi suna yin haka da kansu ko da doka ba ta tilasta ba, kuma sau da yawa ba duka diyyar ake rabawa ba, akan bar saura a asusu don gyaran kabari da tallafin karatu. Adireshin nan kaɗai yana da amfani: gobe in hanya ta sake cin wani yanki, ba za su ce ba su san inda take ba. Ki riƙe 'yar'uwar da ta ba ki labari da kyau, ita ma 'yar taro ce mai ƙuri'a, kuma za ta iya gaya miki nawa kowane mutum ya samu. Dangin da ya kai shekara 400 yana iya ƙunsar dubban mutane, sai ki tarar kason mutum ɗaya bai kai kuɗin tikitin Seoul ba.

Idan suka yi shiru ko suka ƙi, kotunan Koriya suna da tsarin sasanci da ake nema ba tare da cikakkiyar ƙara ba, kuɗinsa ƙasa da na ƙara, kuma abin da aka amince a can yana da ƙarfin hukunci. Nan zan so ku dosa kafin komai. Ki turo mini ranar rasuwar maigida, da ranar zaman taron idan kin samu, da duk wata takardar Koriya da ke cikin kayansa mai ɗauke da sunanki ko na yaran.