Shin rubuta "ba mu da alhaki" a shafina zai kare ni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a wani ƙauye kusa da Maigatari, ina sayen riɗi da zoɓorodo a hannun manoma ina tura wa diloli a Legas. Ɗan ƙanena ya buɗe mini shafin intanet, ya kuma kwafo wani dogon rubutun Turanci ya liƙa a ƙasa, wai ma'anarsa ba mu ɗauki alhakin asarar kowa ba. Shin wannan ya isa idan aka kai ni ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya bai isa ba. Irin wannan sanarwa tana da amfani a kan abin da ya fi ƙarfinka, kamar farashin buhu da kan sauya tsakanin wannan kasuwa da mai zuwa, ko launin zoɓorodo da ya fi ja a hoto, ko jinkirin mota a hanya, matuƙar ka bayyana su a fili kafin a biya kuɗi.

Amma ba ta wanke algus. Idan aka buɗe buhu a Legas aka tarar da yashi a gindinsa, ko riɗin da ya sha danshi ya yi funfuna, babu rubutun da zai cire ka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta hana sharuɗɗan da suka zalunci mai saye, kuma shari'ar Musulunci tun asali ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne kwafen. Sau da yawa akan tsara irin waɗannan rubuce-rubuce ne bisa dokokin wasu ƙasashe, har sukan ambaci kotun da ba ka taɓa jin sunanta ba. Ka sa lauya ya rubuta maka gajere, da Hausa da Turanci, ɗauke da sunan kasuwancinka kamar yadda hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta yi masa rajista, da adireshinka, da sharaɗin mayar da kaya. Idan kana karɓar lambobin wayar mutane, dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta maka faɗa musu abin da za ka yi da su.