Yaya za a kai wutar lantarki nesa a doron wata?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa Amurka na shirin kafa sansani a duniyar wata, kuma wai jan wuta daga wuri zuwa wuri na cikin abin da ke ba su ciwon kai. Me zai hana su ajiye faifan sola a gefen duk abin da ke buƙatar wuta, kowa ya huta?

Amsa: Abin da ya hana shi ne, inda rana take daban, inda aikin yake daban. A yawancin sassan wata, dare ɗaya yakan kai kwana 14 na duniyarmu. Shi ya sa hankali ya karkata ga ƙuryar kudu, inda bakin wasu ramuka ke samun rana mafi yawan shekara. Amma ƙanƙarar ruwan da ake kwaɗayi tana can ƙasan ramukan, inda rana ba ta taɓa leƙawa. Ramin Shackleton kaɗai faɗinsa ya kai kilomita 21, zurfinsa kusan 4. Ko injin nukiliya aka kai, dole a nesanta shi da mazaunin mutane. Ka ga waya ta zama dole.

Waya kuwa tana cin wuta. Idan ka ninka yawan wutar da ke gudu a cikinta, asarar da ke tafiya a zafi takan ninka sau huɗu. Maganin da muka sani a nan duniya shi ne ɗaga ƙarfin wutar, wato bolt, don a rage yawan wadda ke gudu a wayar, dalilin da ya sa manyan layukan Najeriya ke ɗauke da bolt 330,000. To amma na'urorin da suka saba da sararin samaniya ƙananan 'yan wasa ne a wannan fage: tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ISS, da bolt 160 da 120 take aiki. Ƙera na'urar da za ta jure dubban bolt, ta kuma jure tururin radiyeshan na sararin samaniya mai lalata na'urori, shi ne babban aikin. In ba haka ba sai a kauraro wayar, kuma kowane kilo sai roka ta ɗauko shi. Nan alminiyam ya fi jan ƙarfe, domin da kusan rabin nauyi zai yi aiki iri ɗaya.

Abin da mutane ba su cika tunawa ba shi ne zafi. Babu iskar da za ta fifita wayar. Ka ce a binne ta? Ƙasar wata ba ta shan zafi, sai ta riƙe shi a jikin wayar har robar ta lalace. Ka bar ta a fili, ga ƙura mai kaifi, ga tayoyin motoci, ga ƙafar mutane. A 1972, ɗan sama jannati John Young na kumbon Apollo 16 ya yi tuntuɓe da wata waya a doron wata ya tsinka ta, gwajin auna zafin cikin wata ya tashi a banza.

Akwai masu son a harba wutar ta hasken leza, ba waya. Dabara ce mai kyau ga ƙaramar motar da ta gangara rami, sai dai kaso mai yawa na wutar yana salwanta wajen mai da ita haske da sake mai da hasken wuta, kuma tudu ɗaya ya isa ya tare hanya. A ganina, leza ta 'yan aike ce. Sansani sai waya.

NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ma ta nan ta fi karkata. A gasarta ta Watts on the Moon, wadda aka kammala a 2024, an nemi a kai wuta tsawon kilomita 3, aka gwada a ɗakin da ba iska mai tsananin sanyi a cibiyar Glenn da ke Ohio. Tawagar Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara ce ta yi na ɗaya, da siririyar waya mai ɗauke da wuta mai ƙarfi. Kilomita 3 ke nan fa, ko kwatan faɗin Shackleton bai kai ba.