Ruwan Farko Ya Sauka, Mangwaro Na Zubewa da Tsutsa a Ciki: Ina Mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da lambun mangwaro da lemun zaƙi a yankin Zariya. Tun da aka yi ruwan farko a watan Mayu, mangwaron da bai gama nuna ba ya soma zubewa, idan na yanka sai in tarar da tsutsa, wasu kuma da ɗigon baƙi a fatarsu. Lemun ma wasu sun tsage. Shin feshi zan yi ko taki zan zuba, kuma lokacin daina ban ruwa ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, matsaloli uku ne suka haɗu maka a lokaci guda, kuma dukkansu sauyin yanayi daga bazara zuwa damina ne ya tayar da su, amma babbar cikinsu ita ce tsutsar.

Tsutsar nan ta wani ƙaramin ƙuda ce da ke huda fatar mangwaro ya saka ƙwai a ƙarƙashinta. Nau'in da ya fi ɓarna asalinsa daga Asiya yake, an fara gano shi a Kenya a 2003, kuma cikin 'yan shekaru ya bazu zuwa Afirka ta Yamma. Zafi da bushewar bazara suna rage shi, amma da zarar ƙasa ta jiƙe sai ya yawaita. Idan ka duba mangwaron da kyau za ka ga wurin hudar kamar sukar allura, wani lokaci da ɗan danƙo a bakinsa, gefensa kuma ya yi laushi. Tsutsar tana cin tsokar har ɗan ya faɗo, sannan ta shige ƙasa ta rikiɗe ta fito a matsayin sabon ƙuda, duk a cikin kimanin mako uku zuwa huɗu.

Saboda haka feshi a kan bishiya ba ya kashe tsutsar da ta riga ta shiga ciki, kuma a ganina wanda ya bar mangwaro zube a gindin bishiya yana sayen magani asarar kuɗinsa kawai yake yi. Abin da ya kamata shi ne a riƙa tsince duk wanda ya faɗo kullum, a zuba a baƙar leda mai kauri, a ɗaure bakinta a bar ta a rana na 'yan kwanaki, ko a binne a rami mai zurfin aƙalla santimita 50. Tarkon da ake sa wa sinadarin metil yujinol yana kama mazan ƙudan, amma amfaninsa ya fi bayyana idan maƙwabtan lambu ma sun rataya nasu, domin ƙuda bai san iyakar gona ba. Mangwaron da ya ƙosa kuma a cire shi tun yana da ƙarfi ya ƙarasa nuna a inuwa, musamman irin masu jinkirin nuna kamar Kent da Keitt, waɗanda damina ke riska a kan bishiya.

Ɗigon baƙin kuwa cutar antiraknos ce, wadda laima ke rurawa. Maganin feshi mai sinadarin jan ƙarfe yana kare 'ya'yan da ba su kamu ba, sai dai a kiyaye adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar tsakanin feshi da cira. Bayan an gama cira, a datse busassun rassa da waɗanda suka cunkushe tsakiyar bishiya a ƙona su, domin iska da rana su ratsa, kuma hakan yana rage karyewar rassa lokacin iskar hadari.

Tsagewar lemo tana faruwa ne idan bishiya ta sha ƙishi sannan ta samu ruwa mai yawa farat ɗaya, cikin ya kumbura fiye da yadda ɓawon zai iya ɗauka. Wannan ne ya sa ba na ba da shawarar a naɗe tiyo da ganin ruwan farko, tunda a ƙasarmu yakan sauka sannan a yi mako biyu ko fiye babu ɗigo. A ci gaba da ban ruwa daidai gwargwado, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin bishiya ba tare da ta taɓa jikinta ba saboda gara, kuma kada a bar ruwa ya kwanta a gindin lemo, domin shi ke kawo ruɓewar gindi mai fitar da danƙo.

Taki ya jira har damina ta zauna, ƙasa ta jiƙe sosai, kuma hasashen da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara yana taimakawa wajen sanin lokacin. A zuba ruɓaɓɓen takin gida ko takin zamani na NPK a kewaye, daidai inda inuwar rassa ta ƙare, domin a nan ƙananan saiwoyin da ke shan abinci suke, sannan a rufe da ƙasa. Lokacin ne kuma ya dace da dasa sababbin itatuwa masu aure, a bar tazarar kimanin mita 10 tsakanin mangwaro da mangwaro, wurin auren yana sama da ƙasa, a kuma kafa wa kowane dashe sanda a ɗaure shi saboda iska.