Me ya sa mutane ke ja da baya idan ina magana da su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ofis a Gombe. Idan ina magana da shugabana ko da mata abokan aiki, sai su riƙa ja da baya, ni kuma in matsa don mu ji juna. Abokina ya ce ina cika shige wa mutane. Shin akwai tazarar da ta dace? Daga mai karatu a Pantami.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya gaya maka gaskiya, kuma matsalar tana cikin wannan matsawar da kake yi. Wanda ya ja da baya ya riga ya ce maka ka matso da yawa, bai dai furta ba saboda kara. Idan ka bi shi, sai ya ɗauka ko ba ka da kunya ko kana da wata manufa.

Wani masanin al'adu ɗan Amurka, Edward T. Hall, ya kasa tazara gida huɗu a 1966. Daga jiki zuwa santimita 45, wato kamu ɗaya, ta miji da mata ce ko uwa da ɗanta. Daga nan zuwa mita 1.2 ta abokai da dangi ce. Zuwa mita 3.6 ta baƙo ce da harkar aiki, abin da ya wuce haka kuma na lacca ne da wa'azi. Sai dai a kan Amurkawa ya yi awonsa, don haka kada ka ɗora shi a kanmu yadda yake.

A wurinmu shekaru da jinsi da muƙami ne ke yanke tazara. Tsara biyu maza suna tafiya riƙe da hannun juna, suna cin tuwo a kwano ɗaya, babu mai ganin aibu. A sahun salla kafaɗa na gugar kafaɗa, a Keke Napep mutum uku ake cusawa a baya, kowa ya haƙura don wurin ne ya tilasta. Amma je ka gaida surukinka a zaure: daga bakin tabarma za ka cire takalmi ka durƙusa. Ka lura, ladabin nan ya haɗa nisa da ƙasƙantar da jiki. Shi ya sa idan shugabanka yana zaune ka tsaya masa a ka, ya fi jin takura fiye da a ce ka zauna kusa da shi. Nemi kujera, tebur ya kasance tsakaninku.

Da mace abokiyar aiki, bar taku biyu, kada ka tare mata ƙofa, kada ka leƙo ta bayanta don duba kwamfuta. Yi magana tukuna, sannan ka tsaya daga gefe. Wannan ya fi komai muhimmanci a tambayarka, domin ita abin tsoro yake zame mata, kuma da wuya ta iya faɗa maka.

Ga awo mai sauƙi: idan da za ka miƙa hannu yatsunka su taɓa mutum, to a ofis ka yi kusa. Kafin ma ya ja da baya akwai alamu: karkatar da kafaɗa, rungume fayil a ƙirji, yawan gyara mayafi, kau da ido, amsa a gajarce. Da ka ga ɗaya, koma rabin taku ka ɗan karkace, domin tsayuwa gaba da gaba ta fi matsi.

Ka ce kana matsawa ne don ku ji juna. Idan ƙarar janareto ce, ɗaga murya ko ku canja wuri. Idan kuwa ko a wuri shiru sai ka matsa kake ji, je asibiti a auna kunnenka. Sannan a tazarar kamu ɗaya ana jin numfashi da zufa, musamman lokacin zafi, don haka ka kula da asuwaki da turare marar ƙarfi.